Tun Ran Gini, Ran Zane: Kuɗin Wutar Tafkin Kifi Ranar Haƙa Ake Yanke Shi

Kwanakin baya ƙanen maiɗakina ya zo gaishe mu a Kaduna. Bayan la'asar muka zagaya bayan gida, ya tsugunna a bakin tafkin kifayena, ya daɗe bai ce uffan ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Yaya, wannan mai fari da jan nawa ake sayar da irinta? Wallahi ni ma sai na yi irin wannan a sabon gidana." Na ce masa, "Bari tambayar kuɗin kifi tukuna. Tambaye ni yunit nawa tafkin nan ke ci a mita kowane wata, ka kuma tambaye ni abin da ke faruwa a cikinsa ranar da aka ɗauke wuta ta kwana ba ta dawo ba." Ya zaci wasa nake yi, alhali amsar waɗannan tambayoyi biyu da kifaye shida na saye ta.

Kifin da yake nunawa shi ake kira koyi. Asalinsa kifin ci ne na manoman duwatsun Nigata a ƙasar Japan, wajejen Ojiya da Yamakoshi, inda ƙanƙara ke rufe hanyoyi da sanyi, mutane su dogara da abin da suka tanada. Kimanin shekara ɗari biyu da suka wuce suka fara ganin wasu na fitowa da ɗigon ja ko fari, suka riƙa ware su suna haɗa su, har launin ya zauna. A baje kolin da aka yi a Tokiyo a 1914 sauran mutanen ƙasar suka san da shi. Yau ya game duniya, kuma a 2018 an yi gwanjon guda ɗaya, mai fari da ja irin wanda suke kira kohaku, a kan yen miliyan 203 a yankin Hiroshima. Mu nan ba irin waɗannan muke samu ba, namu na talaka ne, amma buƙatarsu ɗaya: ruwa mai tsabta, mai motsi, mai iska, dare da rana. In ya samu haka yakan haura shekara ashirin, ya kai tsawon hannun babban mutum. Wanda ya sa shi a gidansa ya ɗauki amanar da za ta iya kai yaransa aure.

Abin da na yi imani da shi, kuma nake so duk mai sha'awar wannan kiwo ya ji tun kafin ya kira magini, shi ne kuɗin wutar da tafki zai ci ba a shagon masu sayar da inji ake yanke shi ba. Ranar da aka ja igiya aka fara haƙa, ranar aka gama magana. A ƙasarmu kuma tafkin da ba ya cin wuta da yawa shi kaɗai ne ke iya tsallake ɗaukewar wuta da kifinsa a raye. Tattalin kuɗi da tausayin dabba a nan hanyarsu ɗaya.

A 2023 na yi nawa. Tsawonsa mita 4, faɗi mita 2 da rabi, zurfi mita 1 da ɗan ɗoriya, yana cin ruwa lita 12,000. Na ga hotuna a waya, ruwa na gangarowa daga kan duwatsu, na ce ni ma haka nake so. Aka jera duwatsu suka kusa kai mita 2, aka ɗora durom ɗin tace ruwa a bayansu can sama. Mai haɗa famfon da na kira gwani ne a aikin gidaje, tura ruwa zuwa tankin sama shi ya saba. Ya ce, "Alhaji, a sa mai rabin doki, zai tura maka ruwa ko'ina." Ya ja bututu mai inci ɗaya, ya karya shi gwiwa bakwai kafin ya kai sama. Ban ga laifinsa ba, abin da ya sani ya yi. Injin da ke cika tankin sama aikin rabin awa yake yi ya huta. Na tafkin koyi ba ya hutawa, daga Muharram zuwa Muharram.

Ga lissafin da ban yi ba a lokacin. Injin rabin doki wat 370 ke rubuce a jikinsa. Da ruwa ya yi kore shar saboda rana, aka ce in sa fitilar nan mai kashe gansakuka, wat 40. Injin busa iska shi ma wat 40. Jimla wat 450. A kwana ɗaya yunit 10.8 ke nan, a wata yunit 324. Lokacin ana sayar da yunit ƙasa da naira 70, ban ji nauyin abin sosai ba, ya ɓace cikin kuɗin firji da fanka. Sai ga Afrilun 2024, hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta mayar da yunit na masu rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, naira 225, daga baya ya zauna a naira 209.5. Unguwarmu na cikin rukunin. Yunit 324 a wannan farashi ya kusa naira 68,000 a wata, wato daf da mafi ƙarancin albashin ma'aikaci na naira 70,000 da aka amince da shi a shekarar. Tafkin kifi na cin albashin mutum guda. Sa'o'in da babu wuta kuwa janareta ke ci, ga fetur da ya haura naira dubu kafin shekarar ta ƙare.

Da a kuɗi kawai abin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba.

Kowa a Arewa ya tuna ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo mana wuta suka samu matsala, jihohi da dama suka shafe sama da mako guda cikin duhu. Kwana uku na farko janareta ya riƙe ni. A dare na huɗu, wajen ƙarfe sha ɗaya, ya yi tari ya mutu. Na ce da safe a kira mai gyara. Da yamma kuwa na ba kifayen abinci sun ƙoshi, kamar kullum. Bayan na dawo daga sallar asuba na haska tocila a kan ruwan, sai na ga bakuna a jere a sama, suna buɗewa suna rufewa, babu ƙara ko kaɗan. Babbar cikinsu, wadda ƙaramar 'yata ta raɗa wa suna Mai Lalle saboda jan da ke kanta, ta kwanta a gefe guda tana ɗan kaɗa bindi. Na tashi gidan. Muka ɗauko bokitai muna ɗiban ruwan muna kwararo shi daga sama don iska ta shiga, ni da yaran, har rana ta fito, hannuwanmu suka sage. Yarinyar tana zuba ruwa tana cewa, "Abba, ta motsa, ka ga ta motsa." Kifi goma sha ɗaya gare ni. Shida suka tafi, kuma manyan ne suka fara tafiya, don su suka fi buƙatar iska.

Daga baya na fahimci yadda abubuwa suka haɗu a kaina a daren. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi: a zafin digiri 20 lita guda na iya ɗaukar wajen miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba, alhali a cikin zafin ne jikin kifi ya fi neman ta. Gansakukan da ke ba ruwa iska da rana, da dare shi ma shaƙa yake yi, don haka gab da asuba ne iskar tafki ta fi ƙaranci. Kifin da ya ci ya ƙoshi yana ƙara buƙatarta wajen narkar da abinci. Sannan ƙwayoyin halittar da ke zaune a matatar ruwa, masu mayar da gubar da kifi ke fitarwa ta zama marar illa, su ma da iska suke aiki, in ruwa ya daina ratsa su na sa'o'i sai su fara mutuwa. Duk wannan rai na rataye shi a wuyan wat 450, nauyin da ƙaramin batir ba ya iya kwana da shi.

A nan ne mutanenmu suka fi ruɗuwa, don mun saba da tarwaɗa. Tarwaɗa na da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a kwami cike maƙil, ruwa ya yi baƙi, har a kasko a kasuwa ta yini tana motsi. Wanda ya ga haka sai ya ɗauka kowane kifi haka yake. Koyi ba shi da wannan baiwa. Abin da ke cikin ruwan shi ne rabonsa.

Bayan wata biyu na kwashe biyar ɗin da suka rage zuwa babbar roba, na fasa gefen tafkin, muka sake aiki. Abin da ya fi komai tasiri shi ne sauko da matatar ruwa ƙasa. Aka haƙa mata rami uku a jere kusa da tafkin, bakinsu daidai da bakinsa. A tsakiyar gindin tafkin aka buɗe magudana, ƙasan ya ɗan gangara zuwa gare ta kamar ƙwarya, aka binne bututu mai inci 4 daga nan zuwa ramin farko. Ruwa ai kansa yake daidaitawa: in ka ɗebe daga ramin ƙarshe, na tafkin zai biyo ta ƙasa da kansa ya cike gurbin, ya taho da kashin kifi da dattin da ya kwanta, ba tare da an biya ko kwabo ba. Aikin inji bai wuce ya ɗaga ruwan da aka tace kamar taƙi ɗaya ya mayar da shi tafki ba. Ɗaga lita 10,000 a awa zuwa tsayin mita 2 yana neman ninki goma na ƙarfin da ɗaga shi santimita 20 ke nema. Wannan ba dabarar wani kamfani ba ce, haka Allah Ya yi ruwa da nauyinsa, duk macen da ta taɓa jan guga a rijiya mai zurfi ta san da haka.

Sai maganar bututu, wadda nake ganin ita aka fi rainawa. Mutum zai kashe dubban ɗaruruwa a tayil da duwatsun ado, in an zo bututu ya ce a sa siriri don ya fi araha. Araha kuwa ba ta ado. In ka rage faɗin bututu da rabi, kana son ruwa iri ɗaya ya wuce, tirjiyar da yake gamuwa da ita tana ninkuwa wajen sau talatin. Kowace gwiwa mai kaifi ƙarin tirjiya ce. Injina na farko rabin wahalarsa kokawa da bututu ce, ni kuma ina biyan kuɗin kokawar kowane wata. Yanzu bututun da ke mayar da ruwa inci 2 ne, gajere, lanƙwasa biyu kacal kuma masu laushi. Bambancin kuɗinsa da siririn sau ɗaya na biya shi.

Da aka yi haka sai ga shi injin wat 60, irin wanda aka ƙera don tura ruwa mai yawa a tsayi kaɗan, yana juya ruwan tafkin duka cikin kamar awa ɗaya da rabi. Wanda zai saya ya daina tambayar doki nawa ne. Ya duba lita nawa yake turawa a awa a tsayin da zai yi aiki, da wat nawa yake sha, lambobin na nan a jikin kwali. In da hali a sami mai maɓallin rage gudu, don rage gudun irin wannan inji kaɗan yana zabge cin wutarsa da yawa, da sanyin hunturu kuma, lokacin da kifi ya rage ci, ba a buƙatar cikakken gudu.

Fitilar kashe gansakuka na cire ta gaba ɗaya. Rana ce ke haifar da koren ruwa, to me zai sa in bar rana ta yini a kan tafki sannan in sayi wuta in yi faɗa da abin da ta haifa? Na kafa rumfa da zana a kan kashi biyu cikin uku na tafkin, ta ɓangaren da ranar azahar zuwa la'asar ke bugawa. A ramin ƙarshe na matata na zuba kainuwa, tana tsotse takin da gansakuka ke rayuwa a kai, duk mako in kwashe rabi in zuba a gindin ayaba. A cikin tafkin kansa ba ta zama, kifayen cinye saiwarta suke yi. Ruwan bai yi garau kamar na gora ba, amma ina ganin magudanar da ke ƙasa, kuma a bazara, lokacin da gari ke neman digiri 40, in na tsoma hannu sai in ji shi da sanyi-sanyi. Wanda zai ce a yi tafki a gindin bishiya don inuwa, ya tuna darbejiya da mangwaro zubar da ganye suke yi, ganyen ya ruɓe ya ci iskar ruwan. Masu wannan kiwo a Ingila kukansu kuɗin ɗumama ruwa da sanyi ne. Mu an ɗauke mana wannan, namu yaƙin da zafi ne, makaminsa kuma inuwa da zurfi, duka biyun ba sa shan wuta.

Yanzu tafkina wat 100 yake ci, injin ruwa 60, na iska 40. Yunit 72 a wata, wajen naira 15,000 a farashin 2024. Ragin ya haura naira 50,000 kowane wata, fiye da 600,000 a shekara, kuɗin fasawa da sake gini sun daɗe da dawowa. Amma abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne wat 100 nauyi ne da sola ke ɗauka cikin sauƙi. Faifan sola biyu manya da batir biyu masu amfiya 200 suna riƙe shi dare da rana. Da tsohon tsarin ne, sai na ninka wannan fiye da sau huɗu. Injin iskar kuma na ware masa layinsa shi kaɗai, ta yadda ko komai ya tsaya, shi ne na ƙarshen tsayawa. In aka shiga doguwar ɗaukewar wuta ga hadari ya rufe rana, sai in daina ba su abinci. Lafiyayyen koyi yana yin kwanaki bai ci ba, ba abin da zai same shi.

Akwai masu cewa a kashe inji da dare don a rage kuɗi. Ina roƙon kowa da ya bar wannan shawara. Dare shi ne lokacin da kifi ya fi buƙatar injin. Wanda yake son ragi ya nemo shi a tsarin gini, ko ya rage yawan kifi. Wannan na biyun shi ya fi wuya, don zuciya na son a ƙara ɗaya, a ƙara ɗaya. Masu kiwon Nigata, in sanyinsu ya wuce, manyan kifayensu masu daraja sukan kai su faffaɗan tafkunan laka a kan duwatsu, 'yan kaɗan a cikin ruwa mai yawa, sai wajen Oktoba su kwaso su. Sun san yalwar ruwa ita ke gina kifi. Kowane kifi da ka ƙara, ƙarin abinci ne, ƙarin ƙazanta, ƙarin matata, ƙarin wat. Ni daga biyar ɗin nan na kai bakwai na tsaya, kuma ba zan wuce nan ba.

Duwatsun gangarowar ruwan ban rushe su ba, na dai rage musu tsawo na sa musu ɗan injinsu daban da makunni. Ranar Juma'a da yamma ko in an yi baƙi a kunna na awa ɗaya, a ji daɗin ƙarar ruwa, a kashe. Ran kifin ba ya rataye a kansu.

Na san akwai mai karanta wannan yana cewa, ana fama da kuɗin masara wannan yana maganar kifin ado. Yana da gaskiyarsa, ba zan musa ba. Amma ina ganin tafkunan nan na ƙaruwa a sababbin gidaje da otal-otal da wuraren shaƙatawa, ina kuma ganin yadda da yawa ke ƙarewa: shekara ɗaya ana ɗaukar hoto, ta biyu kuɗin wuta ya ishi mai gida ya fara kashe inji, ta uku ramin ya zama matattarar sauro. Tsakanin ta biyu da ta uku akwai rayukan da suka shaƙe a hankali, ba su da bakin kuka. Mu da aka karantar da mu makomar matar da ta tsare kyanwa ta hana ta abinci, bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba. Kifin da ka sa a rami ka kewaye da siminti ba shi da inda za shi. Lissafin bututu da tsayi da na kawo kuma bai tsaya ga masu ado ba. Mai kiwon karfasa da ke juya ruwa, da mai tura ruwan burtsatse zuwa lambu, duk suna biyan kuɗin siririn bututu da gwiwoyi marasa dalili ba tare da sun sani ba.

Ƙanen maiɗakin nawa ya dawo bayan mako biyu da takarda a hannu, ya zana tafkinsa, ga dutse mai tsawo a kusurwa. Muka shimfiɗa tabarma a bakin ruwa. Na karɓi biro na ja layi ɗaya a kwance daga bakin tafkin zuwa gefe, na ce, "A nan matatarka za ta zauna, kada ta ɗara wannan layi." Ya ce, "To dutsen fa, Yaya?" Na ce a bar shi sai ƙarshe, in kuɗi sun ragu. Ya tambayi kifi nawa zai fara da su, na ce huɗu, kuma sai ruwan ya yi makonni yana zagayawa kafin ya ƙara ko ɗaya. Yana cikin rubutawa fankar falo ta tsaya, aka ɗauke wuta a unguwar. Ya ɗaga kai ya dubi tafkin. Kumfar iska na ta tasowa daga tsakiya kamar yadda take, kifayen bakwai na kewaya ta a hankali, 'yata kuma na zaune a ɗaya gefen tana miƙa wa wata ƙaramar mai jan kai abinci a tafin hannunta.